Ina dukiyar Cornwall ta tafi? Amsa ga mai tambaya kan lardin kuza da jan ƙarfe na Ingila

Ɗan'uwa, ka ce ka ga rahoton da ya sa Cornwall cikin yankunan da suka fi talauci a Ingila, sai abin ya ɗaure maka kai, don kuwa ka taɓa karanta cewa nan ce uwar haƙar kuza da jan ƙarfe, kuma duk hoton wurin da ka gani bakin teku ne maƙil da masu hutu. Ka tambaya ina dukiyar ta tafi. Na daɗe ina koyar da tarihin tattalin arzikin yankunan ma'adinai, wurin kuma na taka shi da ƙafata, saboda haka ka yi haƙuri da ni, amsar za ta ɗan yi tsawo. Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne, dukiyar Cornwall tun asali baƙuwa ce: a nan ake tono ta, a wani wuri take kwana.

Cornwall dogon zirin ƙasa ne a can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila. Teku ta kewaye shi ta ɓangare uku, kogin Tamar kuma ya kusa raba shi da maƙwabciyarsa Devon. Ƙidayar 2021 ta ba shi mutum wajen 570,000, birni guda ɗaya tal gare shi, wato Truro. Ƙashin bayan lardin dutse ne dangin wanda ke Filato da Riruwai, shi ya sa kuza ta zaɓi wuraren nan duka. Akwai ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, akwai kifi, akwai ma'adinai iri-iri. Abu ɗaya ne Allah bai ba su ba, shi ne kwal. Ka sa wannan a aljihu, za mu dawo kansa.

Mutanen wurin ba Ingilishi ba ne a asali. Harshensu ɗan'uwan na Wales ne da na Brittany ta Faransa, kuma sun sha yin fito-na-fito da Landan. A 1497 wani maƙeri, Michael An Gof, da wani lauya, Thomas Flamank, suka ja dubban mutane a ƙafa har bakin Landan don ƙin harajin yaƙi, aka murƙushe su a Blackheath. A 1549 suka sake tashi da aka tilasta musu yin ibada da Ingilishi, aka kashe dubbai. Daga nan harshen ya riƙa ja da baya zuwa yamma, har ake cewa wata mai sayar da kifi a Mousehole, Dolly Pentreath, wadda ta rasu a 1777, tana cikin na ƙarshe da suka tashi da shi a baki. Yanzu ana farfaɗo da shi, amma wannan wani zance ne.

Ita kuza tun zamanin da ake haɗa ta da jan ƙarfe a sami tagulla ake wanke ta a ƙoramun Cornwall, shekaru dubbai ke nan. Sarautar Ingila ta gane amfaninta da wuri. A 1201 Sarki John ya ba masu kuza takardar 'yanci: su tona inda suka ga dama, su yi shari'a a kotunansu. Sai dai ba kyauta ba ce. Duk curin kuzar da aka narka dole a kai shi ɗaya daga cikin garuruwan da aka keɓe, irin su Truro da Helston da Lostwithiel, a gutsuri gefensa a gwada, a buga masa hatimi, a biya haraji, sannan a sayar. Harajin Cornwall ya fi ninkin na Devon. Daga 1337 kuma, da Sarki Edward na Uku ya kafa wa ɗansa masarautar Cornwall, kuɗin suka koma aljihun yarima mai jiran gado, ba a soke wannan haraji ba sai 1838. Har gobe wannan masarauta ce ke ɗaukar nauyin yariman, kodayake akasarin filayenta yanzu ba ma a Cornwall suke ba.

Babban arzikin dai jan ƙarfe ne ya kawo shi, daga shekarun 1700. Shi ba a wanke shi a rafi, sai an bi jijiyarsa cikin dutse, rami kuwa da ya yi zurfi sai ruwa ya cika shi. Wannan matsala ce ta mai da ƙauyukan Camborne da Redruth da Gwennap matattarar injiniyoyi. Injinan tururi na Boulton da Watt sun fara shigowa a 1777, masu su na karɓar sulusin kuɗin kwal ɗin da injin ya rage, abin da ya riƙa ci wa masu ramuka tuwo a ƙwarya har izinin mallakar ya ƙare a 1800. Da ƙarewarsa sai 'yan gida suka ɓarke da ƙirƙira. Richard Trevithick ya tuƙa motar tururi a kan tudun Camborne a jajibirin Kirsimetin 1801. William Bickford ya ƙirƙiro lagwanin fasa dutse mai aminci a 1831. Tun daga 1811 ake buga wata takarda duk wata, tana nuna ruwan da kowane inji ya ja da kwal ɗin da ya ci, sai abin ya zama gasa tsakanin injiniyoyi. Tsadar kwal ce ta koya musu tattali, har maƙerar Harvey da ke Hayle ta ƙera manyan injinan da suka taya tsotse tafkin Haarlem a Holan. Hukumar UNESCO ta ce a farkon shekarun 1800 yankin nan da yammacin Devon ne ke ba da kashi biyu cikin uku na jan ƙarfen duniya. Ina ganin an ɗan sa gishiri, amma cewa su ne kan gaba a duniya, wannan babu ja.

To ga inda rashin kwal ya yi aikinsa. Narka jan ƙarfe yana cin kwal ninkin-ba-ninkin nauyin dutsen, saboda haka ya fi sauƙi a kai dutse wurin kwal. Jiragen ruwa ke tashi daga Portreath da Hayle da Devoran ɗauke da ɗanyen dutse zuwa Swansea a Wales, su dawo da kwal na injina. A Swansea ake narkawa, a mulmula, a yi faranti da waya, a nan ƙimar take ninkuwa, a nan ake ɗaukar ma'aikata masu albashin kirki. Masu narkawar 'yan tsiraru ne, kuma sun san juna. Ranar cinikin dutse a Redruth kowa ya rubuta tayinsa a takarda, amma ba wuya su haɗa baki. Wani abin lura, manyansu da dama 'yan Cornwall ne. John Vivian mutumin Truro ne, amma da zai kafa babbar masana'anta a 1810, a Hafod ta Swansea ya kafa ta. Gidan Grenfell da na Williams ma haka. Ita kuza a gida ake narka ta, gidan Bolitho na Penzance suka yi kuɗi da ita har suka buɗe banki, bankin kuma Barclays ya haɗiye shi a 1905.

Sai tsarin mallakar ramukan kansu, wanda a ganina shi ne babban ciwon. Mai ƙasa, irin gidan Basset na Tehidy, ba ya zuba ko sisi. Nasa shi ne ya ba da izini ya karɓi kasonsa daga duk abin da aka fito da shi, sau da yawa wajen kashi ɗaya cikin 15, ko an ci riba ko an faɗi. Masu zuba jari kuwa suna taruwa bayan 'yan watanni a ofishin rami, a buɗe littafin lissafi, in riba ce a raba ta nan take a ci liyafa, in hasara ce kowa ya kawo nasa kason. Ba a ajiye komai don gobe. Wannan ya dace da ƙaramin rami na 'yan gari, amma ramin da ya kai zurfin ɗaruruwan mita yana bukatar sabon hanyar sauka da sabon inji, kuɗin kuwa an riga an cinye su a shekarun daɗi. Da farashi ya faɗi, masu jari sai su janye hannu, a kashe famfo, ruwa ya cika ramin cikin 'yan watanni. Ramin da ruwa ya ci kuma da wuya ya sake tashi.

Bari in kai ka ranar rabon aiki, don ka ga yadda mahaƙi yake cin abincinsa. Duk wata ɗaya ko biyu, mahaƙa za su taru a gaban ofis, shugaban rami, wanda suke kira kyaftin, ya tsaya a bisa ya ambaci wani yanki na ƙarƙashin ƙasa. Sai a shiga gwanjo, amma gwanjon na juye ne: kowace ƙungiya ta mutum biyu ko huɗu tana faɗin sule nawa za ta karɓa a cikin kowane fam na darajar dutsen da ta fito da shi. Wannan ya ce sule goma, wancan ya ce tara, wani ya ce takwas. Kyaftin ya jefa tsakuwa sama, wanda tayinsa ya zo ƙarshe kafin ta faɗo, aiki nasa ne. Daga abin da ya samu za a cire kuɗin kyandir, da albarushi, da wasa kayan aiki, da na likita. In jijiyar ta buɗe masa, ya yi kuɗin da bai taɓa gani ba, a rabo na gaba kuma a rage masa kaso. In ta tsuke, ya yi wata biyu yana sarar dutse ya tashi da bashi. Masana tattalin arziki na wancan zamani sun yaba wa tsarin ƙwarai, suna cewa ya mai da lebura abokin tarayya. Gaskiya ya haifar da ƙwararru masu karanta dutse kamar allo. Amma ka duba da kyau: kasadar da ta kamata mai jari ya ɗauka, an ɗora ta a kan mai diga, an kuma sa shi yana karya farashin ɗan'uwansa. Shi ya sa ƙungiyar ƙwadago ba ta yi ƙarfi a Cornwall kamar yadda ta yi a ramukan kwal na arewa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Aikin kansa ba a cewa komai. Kafin a kawo injin ɗaukar mutane, wanda aka fara kafawa a ramin Tresavean a 1842, mahaƙi kan yi sa'a guda yana hawan tsani bayan ya gama aikin yini cikin zafi da hayaƙin albarushi. Zuciya da huhu ke fara gajiya, da yawa ba sa kaiwa shekara 40. Wasu ramukan, kamar Botallack da Levant, sun miƙa har ƙarƙashin teku, mahaƙa na jin rugugin duwatsu a bisa kansu in igiyar ruwa ta tashi. A Levant ɗin ne injin ɗaukar mutane ya karye ranar 20 ga Oktoba 1919, mutum 31 suka mutu. A sama kuma 'yan mata ne da guduma suna farfasa dutse cikin iska da ruwa, yara 'yan shekara 8 zuwa 10 suna tsince shi. Likita Charles Barham na Truro ya rubuta wa gwamnati rahoton halin da yaran ke ciki a 1842. In hatsi ya yi tsada, mahaƙa kan yi gayya su shiga kasuwa su tilasta a sayar a farashin da suka ga ya dace. An yi haka a 1773 da 1795 da 1847 da wasu shekarun.

Abin da ya riƙe wannan al'umma shi ne ɗariƙar Kirista ta Methodist. Jagoranta John Wesley ya fara zuwa a 1743, ya yi ta dawowa har sau 32, yana wa'azi a wani kwari a Gwennap da tsohon rami ya rufta ya bari. Cocin gwamnati na masu ƙasa ne. Wannan kuwa mahaƙi ko masunci ne ke hawa mumbari ya yi wa 'yan'uwansa wa'azi. Ƙidayar masu ibada ta 1851 ta nuna su ne mafi rinjaye a lardin. Ɗariƙar ta koyar da karatu, da tattali, da barin giya, da dogaro da kai. Wannan tarbiyya ta yi musu rana a ƙasashen waje, a gida kuma ta sa mutum in abu ya ɓaci ya fi tunanin ɗaure kayansa da tunanin yin bore.

Kifi ma labarinsa kusan ɗaya ne. A ƙarshen bazara garken sadin kan matso gaɓa, wani mutum yana tsaye a kan tsauni yana dubawa. Da ya hango ruwa ya canza launi sai ya kwarma ihu, ya riƙa nuna wa jirage hanya da reshen itace a hannu biyu, su zagaye garken da ƙatuwar koma. Gari duka ya fito, mata su kwana suna jera kifi da gishiri, bayan wata guda a danne shi cikin ganguna, man da ya tsatso a sa a fitila. Ganga ɗaya na cin kifi wajen 3,000. Ina ake kai shi? Italiya, inda mabiya Katolika ke cin sa lokacin azuminsu. A 1871 an fitar da ganga sama da 45,000. Komar da jiragen da rumbunan na attajirai ne, masunci ladan aiki yake samu da ɗan kaso. Kafin yaƙin duniya na farko garken ya daina matsowa gaɓa, sana'ar ta mutu a St Ives da Mevagissey da sauransu. Fasa-ƙwauri da jiragen wasiƙu na Falmouth sun kawo nasu kuɗin, su ma sun wuce.

Jan ƙarfe ya kai ƙololuwarsa a tsakiyar shekarun 1850, lokacin da dutsen da ake fitarwa ya haura tan 200,000 a shekara. Amma an riga an gano wanda ya fi shi arha a Cile da Ostareliya da gefen tafkin Superior a Amurka. A 1866 bankin Overend Gurney ya rushe a Landan, farashi ya faɗi warwas, ramukan Gwennap suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun tsira saboda a ƙarƙashin jan ƙarfensu akwai kuza. Dolcoath ta Camborne ta bi ta har zurfin kusan mita 1,000. Kuzar ta yi kasuwa a farkon shekarun 1870, sai ita ma ta Ostareliya da Malaya, daga baya ta Bolibiya, suka danne ta.

Daga nan Cornwall ta fara fitar da hajarta mafi tsada, wato mutane. An ƙiyasta wajen mutum 250,000 sun bar ƙasar tsakanin 1861 da 1901, ban da waɗanda suka koma wasu sassan Birtaniya. Yawan jama'ar lardin ya sauko daga wajen 369,000 zuwa wajen 322,000, a daidai lokacin da na Ingila ke haɓaka. Tafiyar ma ta girmi faɗuwar: tun 1824 suke zuwa ramukan azurfa na Real del Monte a Meziko, inda har yau ake sayar da irin burodinsu mai nama da dankali a ciki, kuma ana danganta shigar ƙwallon ƙafa garin Pachuca da su. Sun cika Moonta da Burra a kudancin Ostareliya, da Grass Valley a Kalifoniya, da arewacin Michigan, da Morro Velho a Brazil. Ana musu laƙabi da Cousin Jack, wai don duk lokacin da gurbi ya samu, sai ɗayansu ya ce yana da wani ɗan'uwa a gida da zai iya. Abin haushin shi ne, su ne da hannunsu da injinansu suka buɗe ramukan da suka kashe kasuwar garinsu.

Mafi ɗaci shi ne zuwa Johannesburg. Kafin yaƙin Ingila da Turawan Boer na Afirka ta Kudu a 1899, wajen rubu'in Turawan da ke aiki a ramukan zinariya na can 'yan Cornwall ne, kuɗin da suke aikowa gida kuma an ƙiyasta ya kusa fam miliyan ɗaya a shekara. Ranar da wasiƙun Afirka ta Kudu suka iso, titin gidan waya na Redruth cika yake da mata. Garuruwa suka zama na mata da yara da tsofaffi, mace ce ke riƙe gida, wata ta yi shekaru ba ta ji ɗuriyar miji ba. Mazan da suka dawo kuwa, da yawa sun dawo da ƙurar injin huda dutse a huhu, su gina gida mai kyau su mutu a cikinsa suna 'yan shekara 30 da wani abu. Binciken da J. S. Haldane ya jagoranta a 1904 ya tabbatar da cewa ƙurar ce.

A nan ne labarin ya taɓo mu. Tun kafin zuwan Turawa maƙeran Riruwai ke narka kuza, fatake na yawo da ita sirara kamar tsinke. Ita kamfanin Turawan Ingila na Niger Company ya bi sawu har tsaunukan Filato a farkon shekarun 1900, zuwa 1910 kuma hannun jarin kuzar Najeriya ya zama abin rububi a Landan. Cikin injiniyoyi da masu duba aikin da suka zo Naraguta da Bukuru akwai 'yan Cornwall da ɗaliban makarantar ma'adinai ta Camborne, wadda aka kafa a 1888, inda daga baya 'yan Najeriya ma suka je karatu. Kuzar Jos a cikin yashi da laka take, da diga da shebur da kwanon sarki ake kwashe ta, da leburori masu arha. Ta Cornwall sai an fasa dutse a zurfin ƙasa ana jan ruwa dare da rana. Ba yadda za a yi su yi kunnen doki. Dolcoath ta rufe jim kaɗan bayan yaƙin duniya na farko. Har kamfanin narka kuza na Williams Harvey, ɗan asalin Hayle, ya kai aikinsa Bootle kusa da Liverpool, inda kuzar ƙetare ke sauka. Kada ka ɗauka Filato ce ta ci ribar. Kududdufan da ke kewaye da Bukuru za su ba ka amsa.

Abin da ya ɗan rufa wa tsakiyar lardin asiri shi ne farin yumɓu na yin tangaran, wanda William Cookworthy ya gano wajen 1746. Yankin St Austell ya zama babbar mahaƙarsa a duniya, kafin 1914 ana fitar da kusan tan miliyan ɗaya a shekara. Amma tangaran ɗin a Staffordshire ake yi, takarda mai sheƙi da ake shafa wa yumɓun kuma a masana'antun wasu ƙasashe. Tun 1999 harkar tana hannun kamfanin Faransa da ake kira Imerys, injina kuma sun maye gurbin dubban ma'aikata.

Jirgin ƙasa ya haɗa Cornwall da sauran Ingila a 1859, da aka gama gadar Brunel a Saltash. Ya fitar da kifi da furanni da kayan lambu zuwa kasuwar Landan, ya kwashi matasa, ya kuma kawo baƙi. Kamfanin jirgin ne ya ƙirƙiro wa lardin sabuwar fuska: a 1904 ya sa wa jirginsa sunan Riviera, gaɓar shaƙatawa ta Faransa, ya cika tashoshi da hotunan rana da rairayi. Masu zane suka sauka a Newlyn da St Ives, suna zana masuntan da sana'arsu ke mutuwa. Bayan yaƙin duniya na biyu, da mota da hutun ma'aikata suka yawaita, yawon buɗe ido ya zama babbar sana'a.

Ragowar ramukan kuza sun lallaɓa har 1985. Akwai wata majalisar kuza ta duniya, Najeriya ma na cikinta, da ke sayen rarar kuza don riƙe farashi. Ranar 24 ga Oktoba 1985 kuɗinta suka ƙare, kasuwar ƙarafa ta Landan ta dakatar da cinikin kuza, farashin tan ya faɗo daga sama da fam 8,000 zuwa ƙasa da 4,000. Abin da ya ci Doma bai bar Awe ba: harkar Jos, wadda dama ta jima tana tangal-tangal, ita ma ta sha wannan duka. Geevor ta rufe a 1990, Wheal Jane a 1991, ta ƙarshe kuma, South Crofty, ranar 6 ga Maris 1998. Geevor yanzu gidan tarihi ce. Na shiga ɗakin da mahaƙa ke sauya kaya, an bar shi yadda yake ranar ƙarshe: riguna sun rine ja da ƙasar rami suna rataye, takalma a ƙasa, rubuce-rubucen barkwanci da na ban kwana a jikin akwatunan ƙarfe. Wanda ya zaga da mu tsohon ma'aikacin wurin ne, yana nuna mana injina yana kiran kowanne da sunansa, hannunsa na kai wa ga maɓalli tun kafin ya tuna ba wuta.

Zuwa 1999 abin da kowane mutum ke samarwa a Cornwall bai kai kashi 75 cikin 100 na matsakaicin Tarayyar Turai ba, aka sa ta sahun yankunan da ke karɓar tallafi mafi girma. Cikin shekara 20 ta karɓi abin da ya kai wajen fam biliyan ɗaya. Da shi aka gina harabar jami'a a Penryn, wadda ta buɗe a 2004 (kafin nan duk mai son digiri kusan sai ya tsallaka Tamar), aka ja intanet mai sauri, aka taimaka wa lambun Eden da aka buɗe a 2001 cikin tsohon ramin yumɓu. Duk da haka a ƙuri'ar 2016 kashi 56 da rabi na masu zaɓe suka ce a fice daga Tarayyar. Masu sharhi a Landan sun yi ta mamaki. Ni ban yi ba. Masunci a Newlyn yana ganin jiragen Faransa na da kaso mafi tsoka a ruwan da ke gabansa, mazaunin unguwar Pengegon a Camborne kuma gine-ginen tallafin bai ƙara masa albashi ba.

Su kuma hotunan da ka gani gaskiya ne, baƙi miliyoyi ke zuwa duk shekara, har 'yan gari na kiransu da wata tsohuwar kalma mai nufin tururuwa. Sai dai aikin otal da gidan abinci na 'yan watanni ne, albashinsa kaɗan. Yawan jama'a ya tashi daga wajen 342,000 a 1961 zuwa abin da na faɗa maka, amma galibin ƙarin masu shigowa ne, da yawansu 'yan fansho da suka sayar da gida a kudu maso gabas, matasan gari kuma na ci gaba da fita. Gidaje sama da 10,000 na masu zuwa hutu ne kawai, a rufe suke da sanyi, ban da waɗanda ake haya ta manhajar Airbnb, alhali iyalai sama da 20,000 na layin neman gidan gwamnati. Gidan masunci a Mousehole ko Padstow ya fi ƙarfin jikan masuncin. Kuɗin hayar kuma sau da yawa asusun wani da ke zaune a wani gari suke shiga. A 2016 mutanen St Ives suka kaɗa ƙuri'a, sama da kashi 80 cikin 100 suka ce kada a sake sayar da sabon gini ga wanda ba zai zauna a ciki ba, daga Afrilun 2025 kuma majalisar lardin ta ninka harajin gidajen hutu. Har wayoyin sadarwa na ƙarƙashin teku haka suke: tun 1870 suke sauka a Porthcurno, wayar Glo-1 da ta taho Legas ma daga garin Bude na Cornwall ta taso, amma wucewa suke yi, ma'aikatan da suke bukata a wurin ba su taka kara sun karya ba.

Yanzu zancen da ake yi shi ne komawa ƙarƙashin ƙasa. Farashin kuza ya tashi saboda da ita ake liƙa kayan cikin waya da kwamfuta, kuma an tabbatar akwai litiyam, na batirin mota, a cikin dutsen St Austell da ruwan zafin da ke ƙarƙashin Gwennap. Kamfanin Cornish Metals ya fara tsotse ruwan South Crofty a 2023, shekara 25 bayan an kashe famfunanta. In kana bin labarin, abu uku za ka sa wa ido: a ina za a tace abin da aka tono, su wa ke riƙe da hannun jarin, da kuma ko yaron Camborne da aka ɗauka aiki zai iya kama hayar ɗaki a garin. A halin yanzu dai babu masana'antar narka kuza ko ɗaya a Birtaniya. Ta ƙarshe, Capper Pass da ke kusa da Hull, ta rufe tun 1991.